Feshi a damina: Ina maganin ƙwari ke tafiya idan ruwa ya sauka a lambu?

A duk shekara, da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas, masu lambunan mangwaro, gwaiba da lemu kan shiga wani lissafi da ba su saba yi da rani ba. Mai lambu ya sayi magani da tsada, ya biya wanda zai goya famfon feshi, an wuni ana zagaye bishiyoyi. La'asar na yi iska ta taso, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Gari na wayewa tambaya ɗaya ce ke jiransa: maganin nan yana nan a jikin bishiya, ko ruwa ya tafi da shi?

Kuskure a amsar wannan tambaya yana da tsada ta kowane ɓangare. Idan ya ɗauka maganin na nan alhali an wanke shi, ƙwari za su shiga 'ya'yan da ya shekara yana jira. Idan kuma ya sake feshi alhali na jiya bai tafi ba, ya zubar da kuɗi a banza, ya kuma ƙara wa ɗan itacen da mutane za su ci guba.

Lissafin ya ƙara zafi tun watan Yunin 2023, lokacin da gwamnatin Najeriya ta bar kasuwa ta riƙa yanke wa naira daraja. Sinadaran da ake haɗa magungunan ƙwari da su daga waje ake shigo da su, don haka duk faɗuwar naira sai ta bayyana a farashin kwalba. Feshin da aka yi asararsa a yau ya fi na shekarun baya ciwo a aljihu.

Ƙwaron da ke zuwa tare da ruwa

Da a ce damina wanke magani kawai take yi, da matsalar ta zo da sauƙi. Abin da ya dagula lamarin shi ne lokacin da ruwa ke wanke magani shi ne kuma lokacin da babban maƙiyin 'ya'yan itace ke yawaita.

Maƙiyin shi ne ƙudan 'ya'yan itace. Akwai nau'insa na gida da aka daɗe da sani a Afirka, wanda ya fi ɓarna a ƙarshen rani da farkon bazara. Amma wanda ya canza komai baƙo ne daga nahiyar Asiya, wanda masana ke kira Bactrocera dorsalis. A shekarar 2003 aka fara ganinsa a Kenya, kuma cikin shekara biyu ya riga ya iso Afirka ta Yamma.

Macen ƙudan kan huda ɓawon mangwaro ko gwaiba ta ajiye ƙwayayenta a ƙarƙashinsa. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu sai su ƙyanƙyashe, tsutsotsin su yi ta cin tsokar ɗan itacen na kimanin mako guda ko ɗan fiye. Daga nan ɗan itacen ya ruɓe ya faɗo, tsutsar ta shige ƙasa, bayan kusan kwana goma ta fito a matsayin sabon ƙuda. Mace guda na iya saka ƙwai sama da 1,000 a rayuwarta.

Wannan baƙon ƙuda yana son laima. Da rani yawansa kan ja baya, amma ruwan farko na sauka sai ya fara ninkuwa. Binciken da aka yi a yankin Borgu na arewacin Jamhuriyar Benin a tsakiyar shekarun 2000 ya nuna yadda asarar mangwaro ke tashi daga ƙasa da kashi ɗaya cikin biyar a farkon Afrilu zuwa fiye da kashi biyu cikin uku a tsakiyar Yuni. Yanayin Borgu bai bambanta sosai da na jihohin Neja da Kwara da ke makwabtaka da shi ba.

Wannan ne ya sa mangwaron farko da ake ci da zafin Maris kan fito lafiya, amma na ƙarshen kaka, irin su Kent da Keitt da ke nuna a makare, shi ne ake yankawa a tarar da tsutsa. Gwaiba, wadda yawancin 'ya'yanta a tsakiyar damina suke nuna, ita ma tana shan wannan ɓarna, haka lemun Binuwai.

Akwai wani abu da ya kamata a riƙe tun daga nan. Da zarar ƙwai ya shiga ƙarƙashin ɓawo, maganin da aka fesa a waje ba ya kai masa. Aikin feshi shi ne ya kashe macen kafin ta huda. Ke nan duk amfanin maganin ya rataya ne a kan ragowar da ta saura a jikin ganye da ɓawo, kuma wannan ragowar ce ruwan sama ke taɓawa.

Abin da ɗakin ruwan Mishigan ya nuna

Daga cikin bincike mafi tsari da aka yi kan wannan tambaya akwai na Jami'ar Jihar Mishigan da ke Amurka. A cibiyar bincikenta ta Trevor Nichols da ke garin Fennville, masanin ƙwari John Wise da abokan aikinsa sun yi amfani da wani ɗaki da aka ƙera don ya riƙa zubar da ruwa kamar na sama. Sukan fesa magani a bishiyar tuffa ko inabi ko wasu ƙananan 'ya'yan itace, su yanko rassan, su sa a ɗakin, su sakar masu ruwa gwargwadon da suka ga dama. Bayan nan sai su auna ragowar maganin, su kuma saki ƙwari a kai don ganin ko har yanzu yana kisa.

Abu na farko da aikin ya fito da shi shi ne muhimmancin bushewa. Ga mafi yawan magunguna, awa biyu zuwa shida tsakanin feshi da saukar ruwa sun isa maganin ya kama jikin ganye. Magungunan da ke shiga cikin jikin tsiro kuwa suna buƙatar har awa 24 kafin su gama shigewa.

Na biyu shi ne yawan ruwan. An gwada ruwa na rabin inci, inci ɗaya da inci biyu, wato kimanin milimita 13, 25 da 50. A ƙaramin ruwa magunguna da yawa sun ci gaba da aiki. Amma idan ruwa ya kai milimita 50, kusan babu maganin da ke barin ragowar da za a dogara da ita.

Na uku shi ne shekarun feshin, wato kwana nawa ya yi a jikin bishiya. Maganin da aka fesa jiya yana da ƙarfin da ko an wanke wani kaso nasa, saura zai iya kisa. Wanda ya kwana bakwai kuwa rana da iska sun riga sun ci rabonsu, ƙaramin ruwa ma na iya ƙarasa shi.

Na huɗu shi ne inda maganin ya zauna da kuma ƙwaron da ake yaƙa. Ragowar da ke jikin ɗan itace ta fi saurin wankuwa a kan ta jikin ganye. Ƙwaron da ke cin ganye zai haɗiyi maganin da ya shige cikin ganyen, amma ƙudan da sauka kawai yake yi ya huda ya tashi, sai ragowar da ke saman ɓawo ce za ta iya taɓa shi.

Ba duk magani ne iri ɗaya ba

A shagunan sayar da kayan gona sunayen kwalabe sun yi yawa, amma sinadaran da ke cikinsu 'yan gidaje kaɗan ne, kuma kowane gida da yadda yake yi da ruwa.

Gidan oganofosfet, wanda ya haɗa da kulofirifos da kuma DDVP da aka fi sani da fiya-fiya, tsohon gida ne. Binciken Mishigan ya nuna cewa 'yan wannan gida da ke zama a saman ganye su ne suka fi kowa saurin wankuwa. Abin da ke rufa masu asiri shi ne ƙarfin gubarsu, domin 'yar ragowar da ta saura kan iya kashe ƙwaro. Wannan ƙarfin ne kuma ya sa suka fi haɗari ga mai feshin. Fiya-fiya ma ko ba ruwa, saurin bin iska yake yi, ba ya daɗewa a jikin bishiya.

Gidan fairetiroid, irin su saifametirin, deltametirin da lamda-saihalotirin, suna manne wa kakin da ke jikin ganye da ɓawo. Suna jure ƙaramin ruwa da matsakaici, amma babban ruwa na rage su.

Gidan niyonikotinoid, irin su imidakulofirid da asetamifirid, cikin tsiro suke shiga. Kafin su shige ruwa na wanke su cikin sauƙi, domin suna narkewa a ruwa. Bayan sun shige kuwa ruwa ba ya fitar da su. Suna da amfani a kan ƙwarin da ke tsotsar ruwan ganye, amma wanda ya rage a saman ɓawo ba ya jure ruwa sosai.

Sababbin gidaje biyu, dayamaid da sifinosin, su ne suka fi jure ruwa a gwaje-gwajen. Su ne kuma suka fi tsada, kuma ba a kowace kasuwar ƙauye ake samunsu ba.

Haɗin gida irin na 'ya'yan darbejiya yana da nasa amfanin, musamman rashin haɗari ga mutane, amma hasken rana na kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, ruwa kuma na wanke shi nan da nan. Sabulun da ake zubawa a ciki yana taimaka wa ruwan maganin ya bazu a kan ganye, sai dai ba manne ba ne. Haka kuma maganin gari da ake damawa da ruwa ya fi mai maiƙo saurin barin jikin ganye.

Ruwan can da ruwan nan

Sakamakon Mishigan jagora ne mai kyau, amma ba a kan mangwaro aka yi shi ba, kuma ba a ƙarƙashin irin hadarin Afirka ta Yamma ba.

Idan aka auna ruwan shekara, na Kano bai yi nisa da na Mishigan ba. Bambancin shi ne na can ya rarrabu cikin watanni 12, har da dusar ƙanƙara, na Kano kuwa kusan dukkansa cikin wata huɗu yake sauka, mafi yawa a Yuli da Agusta. Yakan zo da iska mai ƙarfi, da manyan ɗigo, cikin ɗan gajeren lokaci. Milimita 50 da masu binciken suka ɗauka a matsayin babban ruwa, a lokacin marka ana iya samunsa a dare guda.

Lissafin ma kaɗai ya isa ya nuna girman abin. Milimita ɗaya na ruwan sama daidai yake da lita ɗaya a kan kowane murabba'in mita. Ke nan ruwa na milimita 50 a lambu mai faɗin hekta ɗaya lita 500,000 ne. Wannan shi ne abin da ke sauka a kan 'yan famfunan magani masu cin lita 16 ko 20 da aka fesa da safe.

Sannan akwai zafin rana. Tsakanin ruwa da ruwa, rana na fitowa da ƙarfi, kuma haskenta na rusa sinadarai da dama. Maganin da zai yi kwana goma yana aiki a ƙasa mai sanyi ba lallai ya kai haka a Zariya ko Lafiya ba.

Girman bishiyar ma matsala ne. Tuffar Amurka gajera ce, an jera ta a layi, inji ke bi yana feshi. Tsohuwar bishiyar mangwaro a Kudancin Kaduna ko Nasarawa na iya fin gidan bene tsawo. Famfon goyo ba ya kai wa samanta, kuma mai feshin da ya ɗaga sanda sama, rabin maganin a kansa yake dawowa.

Kuskuren ninka magani

Mai lambun da ruwa ya taɓa yi wa asara kan koyi darasi, amma sau da yawa darasin da bai dace ba. Wani ya ninka awon da aka rubuta a kwalba, da tunanin ko an wanke rabi, rabi zai saura. Wani ya haɗa magani biyu ko uku a famfo ɗaya. Wani kuma duk ruwan da aka yi, ko yayyafi ne, sai ya sake feshi.

Ninka awo ba ya sa magani ya manne. Idan ruwa ya sauka kafin ya bushe, mai yawa da kaɗan duk tafiya za su yi. Idan kuma ruwan bai zo ba, ragowar da ta wuce ƙa'ida ce za ta bi ɗan itacen zuwa kasuwar 'Yan Lemo a Kano ko ta Zuba kusa da Abuja.

Kowace kwalbar kirki na ɗauke da adadin kwanakin da za a jira tsakanin feshi na ƙarshe da tsinkar amfani. A damina wannan ƙa'ida ce ta fi shan wuya, domin lokacin da ƙuda ya fi matsawa shi ne lokacin da 'ya'ya ke gab da nuna. Wanda ya sake feshi yau saboda ruwan jiya, kwanakin jiransa sun koma farko. Idan dillali ya iso da mota jibi, ba kowa ne zai ce masa ya dawo mako mai zuwa ba. Kuma tunanin cewa ruwa ya wanke guba, don haka ana iya tsinka, ba ya aiki a kan maganin da ya riga ya shige cikin ɓawo.

Akwai kuma illa ta dogon lokaci. Ragowar da ruwa ya raunana tana kashe ƙwari marasa ƙarfi ta bar masu taurin rai su hayayyafa. Idan aka yi ta maimaita gida ɗaya na magani, a hankali ƙwarin kan saba da shi. Yawan feshi na kuma kashe ƙwarin da ke taimakon mai lambu, kamar jan tururuwan nan mai ɗinke ganye ya yi sheƙa a saman mangwaro, wanda bincike a Benin ya nuna yana rage ɓarnar ƙuda.

Wani ruɗanin shi ne baƙaƙen tabon da ke fitowa a jikin mangwaro da damina. Sau da yawa ba aikin ƙwaro ba ne, cutar fumfuna ce da laima ke yaɗawa. Maganin ƙwari ba ya yi mata komai, ko sau goma aka fesa.

Inda abin da aka wanke ke zuwa

Maganin da ya bar jikin bishiya bai ɓace ba. Ƙasa yake sauka, ya bi kwararo zuwa fadama, rafi, tafki ko rijiyar da ba ta da zurfi. Yawancin lambuna a bakin ruwa ake yin su, don haka tafiyar ba ta da nisa. Fairetiroid na da mummunar guba ga kifi ko da kaɗan ne. Niyonikotinoid na bin ruwa cikin sauƙi, kuma illarsu ga ƙudan zuma ce ta sa Tarayyar Turai ta hana amfani da uku daga cikinsu a fili a 2018.

Najeriya ta riga ta ɗanɗana abin da ragowar magani ke jawowa a kasuwar duniya. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga ƙasar saboda yawan DDVP da aka riƙa samu a cikinsa, aka kuma yi ta tsawaita dakatarwar. A 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da wannan sinadari a ƙananan kwalabe na mililita 100 zuwa ƙasa.

Mangwaro kuwa tsakanin wuta biyu yake. Idan jami'an Turai suka ga tsutsar ƙuda a cikin kaya, lalata kayan ake yi, asara ta hau kan mai fitarwa, kuma tun 2019 aka ƙara tsaurara sharuɗɗan shigar da mangwaro saboda wannan ƙwaro. Idan kuma aka kauce wa tsutsa ta hanyar yawan feshi, awon ragowar magani na jira a gaba. Ƙasashe irin su Kwaddebuwa, Mali, Barkina Faso da Senegal da suka dogara da wannan kasuwa sun daɗe suna fama da hakan. Najeriya na cikin manyan masu noman mangwaro a Afirka, amma kasonta a wannan ciniki kaɗan ne, kuma duk wani shirin faɗaɗa shi sai ya bi ta wannan ƙofa.

Kai yaƙin inda ruwa ba ya kaiwa

Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Hanyoyin da cibiyoyi irin su icipe ta Nairobi da reshen IITA na Kwatano suka gwada a kan ƙudan 'ya'yan itace suna da wani abu da ya haɗa su: ba su dogara da lulluɓe bishiya da guba ba.

Na farko shi ne tsaftar lambu. Duk ɗan itacen da ya faɗo gidan renon tsutsa ne. Idan aka riƙa tsince su sau biyu ko uku a mako, a ɗaure a baƙar leda mai kauri a bar ta a rana, ko a binne su a rami mai zurfin aƙalla rabin mita, an yanke zuri'a mai zuwa. Wannan aiki ba ya cin kuɗin magani, kuma ruwan sama ba ya warware shi.

Na biyu shi ne tarkon maza. Akwai wani sinadari mai ƙamshi, metil yujinol, da ke jawo namijin baƙon ƙudan daga nesa. Ana jiƙa auduga ko ɗan katako da shi tare da ɗan magani, a rataye a cikin gorar roba da aka huda ta gefe. Murfin gorar na kare shi daga ruwa. Tarkon na rage maza, yana kuma nuna wa mai lambu lokacin da ƙuda ya fara yawa. Sai dai ba ya kama mace, ba ya kuma jawo nau'in gida.

Na uku shi ne abincin yaudara. Mace na buƙatar furotin kafin ƙwayayenta su ƙosa, don haka ake haɗa mata abinci da ɗan guba a ciki. Fitaccensa shi ne GF-120, wanda ake sayarwa a ƙasashen yankin da sunan Success Appat, mai ɗauke da ƙaramin kaso na sifinosad. Ba a fesa shi a dukan bishiya, ɗan wuri ake yayyafawa a jikin ganye, kimanin lita ɗaya ta isa hekta guda bayan an sirka da ruwa. Gwajin da aka yi a lambunan mangwaro na Benin a 2006 da 2007 ya nuna raguwar tsutsa da sama da kashi 80 cikin 100 bayan an yi ta sa shi kowane mako.

Shi ma wannan ruwa na wanke shi, domin abu ne mai zaƙi da ke narkewa. Saboda haka ake sa shi a bayan ganye ta cikin inuwar bishiya, a kuma sabunta bayan babban ruwa. A tsibirin Hawayi na Amurka, inda ruwa ke da yawa, masu bincike sun shafa shi a cikin faranti mai launin rawaya da aka rataye a kife, farantin ya zama masa laima.

Akwai kuma tsinka da wuri. Mangwaron da ya ƙosa amma bai yi laushi ba bai cika jan ƙuda kamar nunanne ba. Mai sabon lambu a yankin da ruwa ke fara sauka da wuri na iya zaɓar irin da ke nuna kafin damina ta kankama.

Duk waɗannan sun fi aiki idan maƙwabta suka haɗa kai. Ƙuda bai san iyakar gona ba, kuma lambu ɗaya da aka bari 'ya'ya na ruɓewa a ƙasa ya isa ya cika unguwa.

Gwangwani da ma'auni

Duk da haka akwai lokacin da feshi ya zama dole, musamman a kan ƙwarin ganye da na sabon toho. A nan ƙa'idojin ba su da wuyar riƙewa.

Ba a feshi a jiƙaƙƙen ganye, domin maganin zai sirku ya zube. Tunda hadari a wannan yanki ya fi saukowa da yamma ko cikin dare, lokacin da ya fi dacewa shi ne da hantsi, bayan raɓa ta bushe, kafin iska da zafi su taso. Hakan na ba maganin awannin da yake buƙata. Idan sama ta riga ta haɗa, jinkirta feshin kwana ɗaya ya fi yin sa.

Bayan ruwa kuma, mai lambu na iya daina kintace. Gwangwani mai miƙaƙƙen jiki, wanda bakinsa da gindinsa faɗi ɗaya ne, idan aka ajiye shi a fili nesa da bishiya, zurfin ruwan da ya tara shi ne awon ruwan da ya sauka. Ma'aunin 'yan makaranta ya isa a auna. Idan ruwan bai kai santimita ɗaya ba, kuma maganin ya bushe kafin ya sauka, kuma feshin sabo ne, galibi babu buƙatar maimaitawa. Idan ya kai santimita biyar, a ɗauka kariya ta tafi. Tsakanin waɗannan biyun, sai a dubi gidan maganin, kwanakin da ya yi, abin da tarko ke nunawa, da kuma kwanakin da suka rage a tsinka.

Abin da ya rage ga hukumomi

Mai lambu shi kaɗai ba zai iya cike giɓin ba. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, tana kuma bayar da na kullum. Amma abin da mai feshi ke buƙata shi ne ya san ko za a yi ruwa a ƙaramar hukumarsa cikin awa 24, da harshen da yake ji, ta rediyo ko wayar hannu.

Bayanin da ke jikin kwalabe yawanci da Turanci yake, da ƙananan baƙaƙe. NAFDAC ce ke rajistar waɗannan magunguna, kuma tana da ikon neman a rubuta awo, awannin bushewa da kwanakin jira da harsunan da manoma ke karantawa. A halin yanzu mai shago ne ya zama malamin gona a wurare da dama, shi kuma ribarsa na cikin yawan kwalaben da ya sayar.

Cibiyar binciken kayan lambu da 'ya'yan itace ta ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda a jihar Kano. Cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya kuma aikinta ke nan isar da sakamakon bincike ga manoma. Gwajin wankuwar magani a jikin mangwaro, gwaiba da lemu, da magungunan da ake samu a kasuwannin ƙasar, a ƙarƙashin ruwan Agusta na gaske, aiki ne da ya dace da su. Ƙungiyar ECOWAS ma, da tallafin Tarayyar Turai da hukumar raya ƙasashe ta Faransa, ta gudanar da shirin sa ido da yaƙi da wannan ƙuda a yankin, abin da ke nufin akwai tsarin da za a ɗora a kai.

Sai kuma batun samuwar kaya. Tarko da abincin yaudara ba za su yi amfani ba idan ba a samunsu a shagon da mai lambu ke zuwa, ko kuma farashinsu ya fi ƙarfinsa. Muddin fiya-fiya da 'yan uwansa ne kaɗai ke kan kanta, su mai lambu zai ci gaba da saya, ya fesa da safe, ruwa ya kai su rafi da yamma, ƙuda kuma ya ci gaba da huda 'ya'yan da suka rage a sama.